Dan Allah Malam Edita a daina kiran kowane farin mai da sunan man gyaɗa

Assalamu alaikum Malam Edita, ina maka fatan alheri kai da ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Ni tsohuwar malamar firamare ce a nan Tudun Wadan Zariya, da na yi ritaya sai na koma sana'ar gidanmu wato ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a hannun mahaifiyata na koya ita ma a hannun tata uwar. Ina bin jaridarku a waya kusan kullum musamman shafin farashin kayan abinci don ya shafe ni kai tsaye. To makon jiya kun kawo farashin kasuwanni kuka rubuta man gyaɗa kuka sa kuɗin galan, amma hoton da kuka liƙa na jarkokin kamfani ne masu ruwan ɗorawa, wanda ni da na tashi cikin gyaɗa na san ko ƙwaya ɗaya ta gyaɗa ba ta shiga cikinsu ba. Washegari wata kwastomata ta zo da wayarta tana nuna min wai Malama ga kuɗin man gyaɗa nan a jarida, ke me ya sa naki ya fi tsada haka ko dan kin ga muna zuwa ne. Na yi bayani na yi bayani har na buɗe mata kwalba ta shinshina, ta ce eh ta ji ƙamshi amma ai jarida ba za ta yi ƙarya ba, ta ɗauki robarta ta tafi. Wallahi abin ya tsaya min a rai, ba dan cinikin da na rasa ba, dan kallon da ta yi min kamar na daɗe ina cutarta.

Kalmar mai a Hausa ta ɗauki kaya da yawa. Man fetur mai ne, baƙin mai na inji mai ne, man shafawa, man kitso, man goge baki duk mai ne, in direba ya ce ba mai a gari daban, in uwargida ta ce ba mai a gida daban. Kenan duk ma'anar tana rataye ne a kan kalmar da ta biyo baya, man mene ne. In aka yi wasa da wannan kalma ta biyu to an bar mai saye a duhu, kuma abin da ke faruwa kenan yanzu.

Man gyaɗa dai sunansa ya faɗi asalinsa. Gyaɗa ake saya a tsince ta a fitar da ruɓaɓɓiya da tsakuwa, a soya a kasko sama-sama kar ta ƙone don in ta ƙone man zai yi duhu ya yi ɗaci, a murje ɓawon a bakace, a kai inji a niƙa ta koma kamar kullu mai kauri, sannan a zuba a turmi ana tuƙawa ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Nan ne aikin yake, hannu zai gaji kafaɗa za ta yi tsami, sai can ka ga ƙullun ya fara haɗe jikinsa yana sheƙi man yana tsattsafowa yana taruwa a gefe, a kwashe da ludayi, a matse abin da ya rage wato tunkuza, da ita ake mulmula ƙuli a soya shi a cikin man nasa. Shi ya sa man ƙuli yake da wannan ƙamshin da in aka zuba a ɗanwake ko garau-garau tun daga zaure za ka ji. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne amma mu da hannu ba ma iya fitar da shi duka, wani yana zama a cikin ƙulin, to ka haɗa kuɗin gyaɗa da inji da itace da masu taya aiki ka ga ta ina zai zo kuɗi ɗaya da na jarka.

Na san dalilin da ya sa sunan ya manne, kuma ban ga laifin mutane sosai ba. A da gyaɗa ce sarauniya a ƙasar nan. Tun da layin dogo ya ratsa ta Zariya ya isa Kano a 1911 aka fara kwasarta zuwa teku, har aka yi dalar gyaɗa a Kano zamanin su Alhassan Ɗantata da bayansa, a shekarun 1960 Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da ita. A lokacin in ka ga farin mai a kwalba to na gyaɗa ne, babu wani. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, a 1975 kuma cutar nan mai sa gyaɗa ta ƙanƙance ta ƙi yin 'ya'ya ta cinye gonaki a Arewa, mahaifiyata har ta rasu tana ba da labarin shekarar, manoma da yawa suka koma masara da wasu abubuwan. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke nan tun 1922 ta yi ƙoƙari ta fito da irin gyaɗa da ake kira Samnut masu jure cutar, Allah ya saka musu, amma kafin gyaɗa ta farfaɗo wasu mayukan sun riga sun cika kasuwa, suka tarar da suna a ajiye suka ɗauka. Yanzu mu masu na ainihin ne muke neman wani suna, sai mun ce man ƙuli ko ɗan ƙuli kafin a gane abin da muke nufi, baƙo ya shige ɗaka mai gida yana waje.

Wani zai ce ai haka muke cewa omo ga kowane garin sabulu, magi ga kowane ɗanɗano. Gaskiya ne amma waɗannan sunan kamfani ne ya bazu, shi kuwa man gyaɗa sunan abin da aka yi man da shi ne, in ka kira man waken suya man gyaɗa kamar ka sayar wa mutum tuwon masara ne ka ce na shinkafa ne dan duk farare ne.

To me ke cikin jarkar? Duk wanda ya iya karatu ya juya bayanta ya duba, yawancin kamfanonin ba su ɓoye ba, mu ne ba ma dubawa. Mafi yawa manja ne aka tace shi a masana'anta aka cire jan da warin aka ware ɓangaren da ya fi ruwa-ruwa, wani na waken suya ne, wani na angurya wato 'ya'yan auduga, wani kuma haɗi ne. Mu a Zariya hunturu ma yana nuna mana, in sanyin Disamba da Janairu ya kankama za ka ga man jarkar ya yi gajimare ya yi barci a ƙasa sai an sa a rana ko kusa da murhu, wannan halin manja ne, man gyaɗa na gaskiya sai sanyi ya kai kusan na firji kafin ya yi haka. Kuma kar a fahimce ni ba daidai ba, ban ce man jarka ba shi da kyau ba. Yana da sauƙin kuɗi, yana jure wuta, masu ƙosai da awara da soya doya da shi suke rufa wa kansu asiri, ni ma da shi nake soya miya in baƙi sun yi yawa, sannan tun 2002 doka ta tilasta kamfanoni su riƙa sa bitamin A a cikinsa, shi ne wannan tambarin ido da ake gani a jikin roba, abin da namu na turmi ba shi da shi. Abin da nake cewa kawai a kira shi da sunansa, in ba a san ko na mene ne ba a ce man girki ko farin mai, kalmomi ne da kowa zai gane.

Manja kuma shi sunansa launi ne kawai, mai ja, bai faɗi daga ina ya fito ba, kuma nan ma akwai ruɗani saboda kalmar kwakwa. Itacen kwakwar manja daban, kwakwar da ake fasawa a sha ruwanta a ci farin daban. Daga ɗan kwakwar manja guda ɗaya mai iri biyu ake samu, jan tsokar waje ita ke ba da manja, ƙwallon ciki in aka fasa shi ne ke ba da alayyadi wanda iyayenmu ke shafa wa yara da yin sabulu. Shi kuwa man kwakwa da 'yan mata ke nema yanzu dan gashi da fata na waccan farar kwakwar ne. Na sha ganin an aiki yaro man kwakwa ya dawo da alayyadi, kuma mai shagon bai ga ya yi laifi ba don shi ma a wajensa daga kwakwa ne. Jan da ke cikin manja shi ne amfaninsa, jiki yana juya shi zuwa bitamin A, amma mu sai mu ɗora shi a wuta mu bar shi yana hayaƙi har ya yi fari kowa a gida yana tari wai ana kashe masa gafi, alhali abin kirkin ne ake ƙonewa, a ɗan narka shi da albasa ya isa ko a fate ko a alale. Sannan dan mun ɗauka ja shi ne kyau wasu marasa tsoron Allah suna zuba masa rini, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan wannan. Abin da ke ba ni takaici a farkon shekarun 1960 mu ne kan gaba a duniya a manja, yau Indonesiya da Malesiya ne ke yin mafi yawansa.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi damuna bayan namu, man shanu da bota. Man shanu kowa ya san daga nono yake, matan Fulani suna kaɗa kindirmo a gora har man ya tattaru ya rabu da tsala, su dunƙula shi su jefa a ruwan sanyi cikin ƙwarya su kawo gari. Wannan shi ne ɗanyen man shanu, ba ya daɗewa yake canza wari don akwai ruwa da saurin nono a jikinsa. In ka kawo gida ka wanke ka ɗora a wuta kaɗan da albasa, zai yi ta kumfa yana ƙara, ƙarar nan ruwa ne ke fita, in ya yi shiru ya koma garai-garai kamar zuma gurɓin ya kwanta a ƙasa to ya soyu, a tace a zuba a kwalba ya yi watanni ba abin da ya same shi. Shi ne soyayyen man shanu, wanda cokali ɗaya a miyar kuka da tuwon dawa yake canza daren gaba ɗaya. To abin da Bature ke kira bota na gaskiya ɗanyen man shanu ne ba wani abu ba, a ƙa'idar abinci ta duniya sai ya kai kashi 80 cikin 100 man nono kafin ya ci wannan suna. Amma je ka teburin mai shayi a Kwangila ko Kofar Doka ka ce a sa maka bota a burodi, abin da zai lakato majarin ne, irin su Blue Band, wanda man tsirrai ne aka sarrafa ya yi kauri, su ma a jikin robarsu ba su ce man nono ne ba. Asalin majarin ma a Faransa aka ƙirƙiro shi a 1869 zamanin Napoleon na uku, ana neman abin da zai maye gurbin bota ga sojoji da talakawa mai araha, kuma na farko da kitsen shanu aka yi shi. Kenan tun ran farko madadi ne, mu muka ba shi sunan abin da yake kwaikwayo, har ta kai matan da ke koyon kek da cincin a waya in an ce bota ba su san wanne za su saya ba, abu ya ƙi tashi su ce hannunsu ne.

Kuma wannan rashin bambancewar ya buɗe ƙofar algus. Bara na sayi ɗanyen man shanu a hannun wata da ba ita na saba saye wajenta ba, dunƙule fari tas mai kyau a ido, ina ɗora shi a wuta ƙamshin bai tashi ba, da ya huce sai ya daskare ƙam yana kama dasashi kamar kakide, na gane an cuɗa shi da wani abu. Kallon kitse na yi wa rogo. Ban koma wajenta ba, kuma ban ce duk haka suke ba don wadda nake saye wajenta shekara da shekaru ko sau ɗaya ban taɓa kama ta da wannan ba.

Kitse shi ne na jikin dabba, fari mai tauri da mahauci ke yankowa, in aka narka shi ya sake daskarewa ya zama kakide, tozo kuma nama ne da kitse ya ratsa shi, ɓargo na cikin ƙashi, maiƙo kuwa ba wani abu ne da ake saya ba, hali ne, abin da ke bin hannu da kwano da saman romo, shi ya sa ma ake cewa wane ya samu kujera mai maiƙo. Na kawo wannan ne saboda abin da ya faru da Baba, Allah ya jiƙansa. Da hawan jini ya kama shi muka kai shi asibiti, likitan yaro ne mai kirki amma Hausarsa ta makaranta ce, ya ce Baba a rage gishiri a rage mai. Baba ya dawo gida ya kafa doka kar a ƙara sa masa man gyaɗa a abinci, ɗanwake ma gaya yake ci da yaji, amma man shanunsa yana nan a gefen tabarma kullum dare, tsire da tozo kuma duk ranar Juma'a, in an yi magana ya ce likita mai ya ce bai ce kitse ba, man shanu kuma ai magani ne. Wata uku muna haka sai da ɗiyata da ta karanci harkar abinci a jami'a ta zo hutu ta zaunar da mu ta yi mana bayani cewa abin da likitoci ke tsoro shi ne irin maiƙon da ke daskarewa, kuma a man gyaɗa bai kai kashi 1 cikin 5 ba, a manja kusan rabi ne, a man shanu ya kusa kashi 2 cikin 3, a alayyadi da man kwakwa ya wuce kashi 80 cikin 100. Wato Baba ya bar mai sauƙin ya riƙe mai nauyin, duk saboda kalma ɗaya da ba a fayyace ba. Da likitan ya ce masa Baba rage man shanu da kitse da tozo, a sa man gyaɗa kaɗan, da ya bi, don mutum ne mai jin magana. Ɗiyar tawa ce kuma ta faɗa min wannan rubutun da ake yi a roba wai babu kolestarol, wato maiƙon nan da ke taruwa a jini, duk man da ya fito daga tsiro dama haka yake, har namu na turmi, ba wata bajinta ba ce ta kamfani ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren addini da masu fassara ya kamata su kula. Turawa suna da kalma ta musamman ga narkakken kitsen alade da suke girki da gashin burodi da shi, sai ka ga a girke-girken da ake juyawa zuwa Hausa a intanet an rubuta kitse kawai ko mai, mai karatu bai san na alade ake nufi ba, gobe ɗansa ya je karatu Ingila ko Amurka ya gani a kanti ya ɗauka. A rubuta man alade ƙarara. Larabci ya raba su kowa da sunansa, zaitu wato mai na ruwa irin na zaitun daban, samnu wato soyayyen man shanu daban, zubda wato ɗanyen man shanu daban, shahmu wato kitse daban, kuma malamanmu na zaure da suka karantar da mu Risala ba su taɓa haɗa su ba, da aka zo hukuncin ɓera da ya mutu a cikin samnu ko zaitu ko zuma sai da aka bambance, in narkakke ne ba a ci sai dai a kunna fitila da shi a wajen da ba masallaci ba, in daskararre ne a cire ɓeran da abin da ke kewaye da shi a ci sauran. Ka ga har hukunci yana canzawa da yanayin man, narkakke ne ko daskararre.

Man kaɗe kuwa yaran yanzu sun ɗauka na shafawa ne kawai da ciwon ƙafa, ba su san kakanninmu da shi suke miya da toya waina ba, daga ƙwallon kaɗanya ake yinsa kuma har gobe a ƙauyukan Neja da Kwara ana ci, Turawa ma suna saye suna sa shi a cakulan. Man zaitun shi kuma mun mayar da shi na tofi da magani a 'yar kwalba alhali a ƙasashen Larabawa da shi ake girki, man riɗi ma haka yana nan amma sai an nema.

Roƙona Malam Edita, in wakilinku zai ɗauko farashi ya ɗan tsaya ya tambayi mai shago wannan na mene ne, a shafin a ba man ƙuli layinsa, man girki na jarka layinsa, manja nasa, man shanu a faɗi ɗanye ne ko soyayye, kuma a faɗi da me aka auna, kwalba ce ko galan ko jarka mai lita 25, don kwalbar ma iri-iri ce a kasuwar Sabon Gari. In kuma yana so ya gani da idonsa, ranar Talata da Asabar muke tuƙa, ya zo Tudun Wada da safe kafin ƙarfe 10 ya tambayi layin masu ƙuli, ya taho da kwalbarsa wankakkiya busasshiya.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Taku mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya